Yaya za a ɗauki fim ɗin iyali ya yi kama da gidan gaske?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum jama'a. Muna shirin ɗaukar fim ɗin iyali mai dogon zango, kashi-kashi har 10, kowanne minti 20, za mu ɗora a YouTube. Labarin gidan wani tela ne mai mata biyu da 'ya'ya shida, mahaifiyarsa kuma tana ɗakin da ke kusa da zaure. Kayan aikinmu kyamara ɗaya mai ɗaukar hoto mai ingancin 1080, waya biyu, fitila biyu da ƙaramin janareta. An ba mu aron gida a cikin unguwa a Kano, rufin kwano, tsakar gida da siminti.

Abin da ba ma so shi ne irin gidan da ake yawan nunawa a fim: mace ta tashi da asuba da jan baki da gashin ido, falo kamar shagon sayar da kujeru, kowa ya zauna ya naɗe hannu ana ta zuba magana. Muna so mai kallo ya ce wannan ai gidanmu ne. Masu sanin harkar, ta ina ake farawa, kuma me ya fi ɓata aiki?

'Yar Zazzau:

Wa alaikumus salam. Malam, tun daga takarda matsalar take farawa. Yawancin masu rubuta fim ɗin iyali magana kawai suke rubutawa, wane ya ce, wance ta ce. In an je wurin ɗauka darakta ba shi da abin da zai ba 'yan wasa su yi, dole ya zaunar da su a kujera. A gidan gaske kuwa ba a cika zama musamman don a yi magana ba, ana cikin aiki ake yin ta. Don haka kafin ka rubuta ko kalma ɗaya a kowace fitowa, sa abu uku a samanta: ƙarfe nawa ne, girkin wace ce yau, me ke hannun kowa.

Ƙarfe nawa shi zai gaya maka wa ke gida. Bayan asuba shara ce da wanke-wanke da ɗora ruwan wanka, a aiki yaro sayen ƙosai ko a yi ɗumame. Kafin ƙarfe 8 'yan boko sun fita, maigida ya ba da kuɗin cefane ya tafi shago. Daga nan zuwa azahar gidan na mata ne da ƙananan yara, kuma a nan ne maganar kishiyoyi take fitowa da gaske, don babu namiji a kusa. Da yamma 'yan Islamiyya, tuƙin tuwo kafin magariba, hira bayan isha. In ka sa yaro ɗan shekara 10 yana zaune a tsakar gida da hantsi ranar Talata, kowace uwa da ke kallo za ta tambaya me ya hana shi makaranta, sai dai in an koro shi kan kuɗi, wanda shi kansa labari ne.

Girki kuma shi ne mulkin gidan mata biyu. Yawanci kwana bibbiyu ake yi. Mai girki ita ke karɓar cefane, ita ke rabon abinci, ita ke kai wa maigida nasa. Ka zana jadawalin kwanakin labarinka ka rubuta mai girkin kowace rana, kada amarya ta yi kwana biyar a jere tana tuƙa tuwo ba dalili. Rigimar ma daga nan za ka samo ta, ba sai ka kai kowa gidan boka ba. Tsokar nama ta ɓace a miya. An ari gishiri ba a mayar ba. Gas ya ƙare ana tsakar girki kuma ba a san wadda ta ƙarar ba. An yi wa 'ya'yan ɗaki ɗaya ɗinkin sallah na ɗayan ɗakin ba a gama ba, alhali uban ne telan. Kuɗin adashi ya maƙale a hannun uwar adashi. Kowanne daga cikin waɗannan zai riƙe maka kashi guda cur. Wasannin kwaikwayon da NTA Kaduna da CTV Kano suke nunawa a shekarun 1980 da irin waɗannan ƙananan abubuwa suka riƙe mutane, a tsakar gida da zaure, ba mota ba bene.

Sai kiran suna, inda matasan marubuta suka fi faɗuwa. A irin gidan da ka kwatanta uwargida ba za ta kira mijinta da sunansa ba, Malam ne ko Maigida ko Baban wance. Mahaifiyarsa, in shi ne ɗan farinta, ba za ta ambaci sunansa ba, kuma ba za ta tsaya wasa da shi ba, amma jikokinta za ta yi ta tsokana, mazan ta ce mazajenta ne, matan kishiyoyinta. Amarya za ta ce wa uwargida Yaya, ko a cikin faɗa, kuma yadda za ta furta Yayan ya isa ya nuna zafin da ke ranta. Surukai ba sa tsayawa ƙiƙam su yi wa uwar miji magana, durƙusawa suke yi. Baƙo namiji ba ya faɗowa tsakar gida, a ƙofa yake tsayawa yaro ya shiga ya ce wai ana sallama da maigida. Ka yi wa kowane mutum a labarin layi ɗaya: wa yake kira da me. Ka liƙa takardar a bango wurin ɗauka.

Gaisuwa tana cin lokaci. In ka rubuta ta cikakkiya duk shigowa, sulusin fim ɗinka ina kwana ne da ya gajiya. In ka cire ta gaba ɗaya kuma gidan ya zama na marasa tarbiyya. Dabarar ita ce ka shiga fitowar a ƙarshen gaisuwa, ko ka bar ta cikakkiya inda take ɗauke da ma'ana kawai, misali amarya ta gaida uwar miji ta amsa a taƙaice ba ta ɗago kai ba.

Tunda a fim ɗin Hausa namiji da mace ba sa taɓa juna, kusancin miji da mata da hidima ake nuna shi: ta ajiye masa ruwa tun kafin ya nema, ya dawo da tsire a takarda ya tura mata ba tare da ya ce komai ba, ta tsaya tana kallonsa yana cin abinci tana jiran ya ce wani abu kan miyar.

Lissafi: shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo. Kashi mai minti 20 ya zama shafi 18 zuwa 20, fitowa 10 zuwa 12. Duk fitowar da ta wuce shafi 3 a duba ta, yawanci an maimaita magana ne.

Mai Kyamara:

Hajiya 'Yar Zazzau ta gama da takarda. Ni a kan hoto zan yi magana, kuma abu na farko shi ne tsayin kyamara. Mutanenka a tabarma da kujera 'yar tsugunno za su zauna. In ka kafa kyamara a tsayin mutum a tsaye, ƙoƙon kansu za ka riƙa ɗauka, kuma hoton zai zama na baƙon da ya shigo yana leƙe. Sauke ta zuwa santimita 60 ko 70 daga ƙasa, daidai idon na zaune. In ƙafar kyamarar ba ta sauka haka, ɗora ta a kan turmi da aka kifa ko buhun yashi.

Saiti: hoto 25 a daƙiƙa, shata, wato tsawon lokacin da kyamara take barin haske ya shiga kowane hoto, 1/50 na daƙiƙa. Dalili shi ne wutar Najeriya 50 take bugawa a daƙiƙa. Waya kuwa yawanci a 30 take zuwa, shi ya sa kake ganin wasu baƙaƙen layuka suna gangarowa a hoto in an ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai arha. Wayoyin nan biyu ka sa musu manhajar da ke ba da 25, irin Blackmagic Camera in wayar tana ɗauka, ka kulle haske da fokas, wato saitin da ke sa hoto ya fito tar, in ba haka ba duk wanda ya gifta da farar riga hoton zai yi duhu ya dawo. Kuma kada ka haɗa fuskar da aka ɗauka da waya da wadda aka ɗauka da kyamara a fitowa ɗaya, launin fata ba zai zo ɗaya ba. Waya ta tsaya a kan ɗaukar hoton hannu, tukunya, kaji, igiyar shanya. Ƙaramin janareta kuma bugunsa yana hawa yana sauka, don haka ko a 1/50 ƙwan ɗaki zai iya rawa. In fitilunka suna aiki da batir, yi amfani da batir, janareta ya tsaya a caji.

Launin haske, wanda ake aunawa da lambar K: hasken rana kusan 5600K ne, jan ƙwai na da kusan 3000K, fararen ƙwayayen da suka cika kasuwa yanzu 6500K, wasu har da ɗan kore. In hasken taga da na ƙwai suka haɗu a fuska ɗaya, rabi zai yi shuɗi rabi ja. Zaɓi ɗaya. Da rana kashe ƙwan ɗaki, zaunar da mutum kusa da ƙofa ko taga hasken ya zo masa ta gefe, ɗaya gefen ka mayar masa da haske da farin kwali ko farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji. Kada ka saita kyamara a kan ta zaɓi launi da kanta, sa lambar K ɗin ka bar ta.

Tsakar gida tana da lokacinta. Daga ƙarfe 7 zuwa 9 da rabi, sai daga 4 zuwa 6, katanga tana tare rana hasken ya yi laushi. Daga 11 zuwa 3 rana tana tsaka, idanu su faɗa rami, goshi ya yi ta ƙyalli, siminti kuma ya ƙone fari fat. In dole ne a ɗauka a lokacin, ɗaura farin yadi mai mita 3 kowane gefe a sama da igiya, tsayin mita 2 da rabi, ka yayyafa wa simintin ruwa ya rage haske. Amma gara ka tsara ranar haka: tsakar gida da safe, ɗaki da rana, tsakar gida da yamma.

Baƙar fata da farin kaya ba sa shiri a ƙaramar kyamara. In ka buɗe haske don fuska shaddar ta ƙone, in ka rage don shadda fuskar ta nutse. Ka auna da fuska kullum, ka roƙi mai kaya ya kawo ruwan madara ko ruwan toka maimakon fari tas. Yadi mai siraran layuka ma a guje shi, rawa yake yi a allo.

Fitowar dare da aka ɗauke wuta ba a ɗaukarta a duhun gaske, hoton zai cika da yashi. Sa fitilar caji a cikin hoton don mai kallo ya ga inda haske ke fitowa, sannan ka haska fitilarka ɗaya a bango ko silin ta wannan gefen, a rage ta sosai.

Da kyamara ɗaya kowace fitowa sau uku ake ɗaukarta aƙalla: ta nesa daga farko har ƙarshe, sai kusa da mutum na farko, sai kusa da na biyu. Ka ja layi a ranka tsakanin masu maganar, kyamara kada ta tsallaka shi. In ta tsallaka, a wurin haɗawa za ka ga su biyun suna kallon gefe ɗaya kamar da wani na uku suke magana. Bayan nan ka ɗauki hannuwa daƙiƙa 10 zuwa 15, su ne za su rufe maka duk inda aka yanke.

Kuma don Allah kada ku gyara gidan. Masu gida suna jin za a ɗauki fim za su share, su kwashe bokitai, su aro labule. Roƙe su su bar buta inda take, takalma a ƙofar ɗaki, jarkokin mai ruwa a gindin katanga.

Na Kan Sauti:

Ina da ja a kan maganar Hajiya, ba don ba ta yi daidai ba, sai don in aka bi ta ba dabara sauti zai lalace. Daka, suya, shara da tsintsiya, zuba ruwa a bokiti, duk suna danne magana, kuma in sun hau kan kalma babu editan da zai raba su. Mutane suna haƙuri da hoto mai rauni, amma da zarar sun kasa jin abin da ake cewa sun wuce. Don haka aikin hannu kala biyu ne. Akwai mai shiru: tsintar shinkafa, gyaran zogale, yankan kuɓewa, kitso, ninke kaya. Wannan a yi shi ana magana. Akwai mai ƙara, shi kuma ko dai a tsaya da shi lokacin furta magana a ci gaba a tsakani, wanda dama haka mata suke yi in zance ya yi zafi, ko a kashe ƙarar. A sa tsumma a cikin turmi, a sauke mai daga wuta a bar cokali yana juyawa, keken ɗinkin telan a taka shi tsakanin jimla da jimla. Bayan an gama sai a ɗauki ƙarar ita kaɗai a ɗora ta a ƙasan magana yadda ake so.

Makirfon jikin kyamara ba na magana ba ne. Duk lokacin da nisan baki da makirfo ya ninka, ƙarfin murya yana raguwa da desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti, hayaniyar unguwa kuwa tana nan yadda take. Makirfon sanda ya tsaya santimita 40 zuwa 60 a saman mai magana, yana kallon bakinsa, dab da gefen hoto. In ba ku da shi, sayi ƙananan na maƙalawa guda biyu masu waya, kowanne a jona shi da wayar hannu a aljihu. Taki ɗaya ƙasa da haɓa ake maƙala shi. A ƙarƙashin hijabi ko mayafi yana gugar yadi, sai a sa shi tsakanin filasta biyu da aka naɗe, a ɗan lanƙwasa wayarsa a manne ta don kada ja ya kai kansa. Shaddar da ta sha bugu ƙara take yi da kowane motsi, awarwaro da sarƙa ma haka, ledar cefane kuwa ta fi su duka. A sa cefanen a kwando.

A saita ingancin ɗaukar sauti a 48kHz, murya tana kaiwa tsakanin desibel -12 da -6 a ma'aunin na'urar, kada ta taɓa sifili. A fitowar faɗa a rage tun kafin a fara, don muryar da ta fashe ba ta gyaruwa. Mai sauti ya sa abin ji a kunne daga farko har ƙarshe, kuma a ba shi ikon tsayar da ɗauka. Kowace ɗauka a faɗi lambarta a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin ake daidaita murya da baki. Duk wayoyin da ke wurin a sa su a yanayin jirgi.

Janareta ya yi nisan mita 30 ko fiye, bayan katanga, bututun hayaƙinsa yana kallon waje, a jawo wuta da waya mai kauri. Ba a rufe shi a ɗaki ko zaure don rage ƙara, hayaƙinsa kisa yake yi. Fanka da firji a kashe. Wanda ya kashe firjin ya ajiye makullin babur ɗinsa a ciki, ba zai tafi ya bar wa masu gida kayan miya su lalace ba. Ɗaki mai tayil ko siminti tsirara yana amsa kuwwa, a shimfiɗa darduma, a jingina katifa a bangon da ba ya cikin hoto.

Unguwa ba za ta yi muku shiru ba, ku ne za ku san lokutanta. A je kwana ɗaya kafin ɗauka a zauna a saurara: yaushe injin markaɗe yake tashi, yaushe ake tashin 'yan makaranta, ina masallaci yake. Lokacin kiran sallah dama tsayawa ake yi. Mai injin kuma a yi magana da shi da mutunci, in an tsayar masa da aiki a biya shi.

Kafin a tashi daga kowane ɗaki kowa ya yi tsit minti ɗaya a ɗauki shirun wurin. Ba shiru ba ne na gaske, kowane ɗaki da irin nasa, kuma da shi ake cike gurbin da aka yanke, in babu shi sauti zai riƙa ɗaukewa yana dawowa. Sannan a ware awa biyu a tara ƙarar gida, kowacce minti 2 zuwa 3: tsintsiya, famfo, zakara, yara a waje, mai talla, rediyon maƙwabta daga nesa, ihun yara in an kawo wuta. Wannan ne yake sa gida ya zama gida a kunne, ba kiɗan da ake shimfiɗawa daga farkon fim har ƙarshe ba. A wurin haɗawa ƙarar gida ta zauna desibel 20 ko fiye ƙasa da magana, a gwada a lasifikar ƙaramar waya, don a nan yawancin masu kallonku za su ji shi.

Baba Mai Rajista:

Yaro, duk abin da suka faɗa maka zai rushe in babu mai kula da daidaito. Ba a ɗaukar fim bi da bi, wuri-wuri ake ɗauka. Duk fitowar ɗakin uwargida ta kashi 1 zuwa 10 a tare za a yi ta, don haka mace za ta fita daga ɗaki yau, ta iso tsakar gida bayan mako biyu. Mutum ɗaya ya riƙe rajista da waya, ba shi da wani aiki. Kowace fitowa ya ɗauki hoton kowa daga sama har ƙasa, ya rubuta ranar labari, lambar kaya, gefen da ɗaurin ɗankwali ya kalla, karin hula, hannun da ke riƙe da kofi.

Abin da ke canzawa da kansa ya fi ba da wahala. Lalle yana dushewa cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko a hana shi gaba ɗaya ko a riƙa sabuntawa. Kitso, aski da gemu a tsayar da su yadda aka fara. Inuwar katanga tana tafiya, fitowar tsakar gida da ta ɗauki awa uku za ka ga inuwa tana tsalle tsakanin ɗauka da ɗauka. Abinci kuma a tanadi kwano uku iri ɗaya. Tuwo yana daina tururi cikin 'yan mintuna, miyar kuka tana yin fata a sama, malmalar da aka gutsura ba ta komawa. A ɗaukar nesa su ci da gaske, a ta kusa su riƙa ƙananan loma. Shayi a sa wa kofin alama a mayar da shi daidai wurin kafin kowace ɗauka.

Kaya kada su yi yawa. Matar tela mai 'ya'ya shida atamfa biyar ko shida na zaman gida sun ishe ta, a riƙa maimaita su, kuma su zama waɗanda suka sha wanki. Sabuwa ɗaya a ajiye ta don ranar suna ko biki. Kwalliyar safe hoda ce kawai don kashe ƙyalli. 'Yan wasa mata za su yi gardama a kan wannan, a yi yarjejeniya tun kafin ranar farko, ba a gaban kyamara ba.

Yara shida aiki ne. A samu izinin iyayensu a rubuce, babba ɗaya daga gidansu ya zauna a wurin. A fara da fitowarsu, bayan sun ci abinci, kada a riƙe su fiye da awa biyu ko uku. Ɗan ƙasa da shekara 7 ba a ba shi hadda, sai ya riƙa rerawa irin karatun allo. A gaya masa abin da zai yi, je ka ce wa Umma Baba yana kira, ya faɗa da bakinsa. Jariri a ɗauke shi bayan ya sha nono, kuma in ya yi kuka a bar kyamara tana tafiya, za a buƙaci kukan wata rana.

Da kyamara ɗaya, shafi 5 zuwa 6 a yini shi ne aikin da ba a yi masa gaggawa ba. Shafi 200 kenan kwana 34 zuwa 40 na ɗauka. Ka gaya wa masu gidan wannan lissafin tun yanzu a rubuta, da kuɗin wuta da ruwa da abin da za a biya in an fasa wani abu. Gidan aro da aka ce kwana 10 aka kai wata shi ne ake korar mutane a tsakiyar aiki, kuma in gida ya canza fim ya mutu. A sanar da mai unguwa, a samu mutum biyu masu tare 'yan kallo a ƙofa.

Ajiya: in kyamararka tana ɗauka a megabit 50 a daƙiƙa, awa ɗaya gigabait 22 da rabi ce. Kashi ɗaya zai ci kamar awa biyu na ɗanyen hoto, kashi 10 kusan gigabait 450. Sayi had-dis biyu masu terabait ɗaiɗai, a kwafe a duka biyun kowane dare, a buɗe a gani kafin a goge memori, kuma kada su kwana a jaka ɗaya.

Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba ta ɗauki YouTube a matsayin mafaka ba, fim mai dogon zango ma ana kai mata ta duba kafin a saki. Je ofishinsu tun kafin ɗauka ka ji sharuɗɗan rajista, ya fi a ce ka cire fitowa bayan an tashi daga gidan. Waƙar wani kuma kada ta shiga ba izini, ko da daga rediyon cikin fitowa take fitowa, YouTube yana gane ta ya karkatar da kuɗin talla ko ya toshe bidiyon.

Ɗan Kurna:

Allah ya saka da alheri, Baba da sauran malamai. Tambaya ɗaya ta rage. Mun so mu fara a Agusta saboda yara suna dogon hutu. Ya kuka gani?

Na Kan Sauti:

Agusta a ƙarƙashin rufin kwano? Shi ne watan da ruwa ya fi yawa a Kano. Ko yayyafi ne makirfo zai ji shi fiye da murya, kuma shiga ɗaki ba ya magani, can ƙarar ta fi. Hadari kuma yana canza haske cikin minti biyar, Mai Kyamara zai gaya maka.

Mai Kyamara:

Haka ne. Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ya fi. Babu ruwa, hazo yana tausasa rana, kyamara da waya ba sa ɗaukar zafi su mutu yadda suke yi a Afrilu. Kuɗin da za ka biya shi ne ƙura: kada a canza gilashin kyamara a tsakar gida, a hure shi da abin hura iska kafin a goge, in an goge da ƙura a kai karcewa yake yi. A tanadi man leɓe da na shafawa don 'yan wasa. Sai Hajiya ta mayar da labarin na lokacin sanyi, rigunan sanyin yara, dafa ruwan wanka, tsohuwa tana jin ɗumi a bakin murhu, don kada a ga hazo a sama mutane suna fifita.

Yaran kuma a tattara fitowarsu a Asabar da Lahadi da safe in ba su da hadda, da yammacin Alhamis da Juma'a da yawancin Islamiyyu ba sa zama, sai hutun Disamba. In kuma akwai fitowar damina a labarin, ku je a Agustan ku ɗauki ruwan shi kaɗai da waya: indararo yana zuba, ana tara bokitai, ana kwashe shanya da gudu. Ba magana a ciki, kwana biyu sun isa, amma a sa wa 'yan wasan kayan da za su sa a fitowar kuma a rubuta a rajista.